Ƙananan Jiragen Ruwa Masu Tafiya Da Iska: Na Tsere Da Na Doguwar Tafiya

Daga Wakilinmu

A cikin shekarar 1963 wani mutumin Ingila mai suna Frank Dye ya tashi daga wani ƙauyen masunta da ake kira Kinlochbervie, a arewacin Sikotlan, shi da abokin tafiyarsa Russell Brockbank, suka nufi ƙasar Aislan. Jirgin da suka shiga bai cika ƙafa 16 a tsawo ba, ba shi da rufi balle ɗakin kwana, iska ce kuma ke tura shi. Kwana 11 suka yi suna fama da sanyi da raƙuman ruwa kafin su taka tudu, bayan sun ci mil 650. Da shekara ta kewayo sai Dye ya sake ɗaukar jirgin nan, wannan karon tare da Bill Brockbank, ya bi ta tsibiran Faro ya doshi ƙasar Norwe. A kan hanya guguwa ta rutsa da su, jirgin ya kife har sau huɗu, jigonsa ya karye. Suka ɗaure abin da ya saura na jigon, suka kwashe ruwan da ya cika jirgin, suka isa gaɓar Norwe da ransu.

Abin sha'awa a nan shi ne, irin wannan jirgi da ake kira Wayfarer, shi ne kuma ake tsere da shi ranakun Asabar da Lahadi a tafkuna da bakin tekun Ingila, inda za a kewaye 'yan alamomi masu iyo a kan ruwa, cikin sa'a guda a gama, kowa ya fito ya sha shayi. To, ashe jirgi ɗaya yana iya yin aikin nan biyu? Wannan ita ce gardamar da masu sha'awar ƙananan jirage suka daɗe suna yi, kuma ba gardamar banza ba ce. Wanda ya sayi jirgin tsere don ya fita yawo da iyalinsa yana iya jefa su cikin ruwa tun ranar farko. Wanda kuma ya sayi na yawo ya shiga tsere, kuɗinsa ya tafi, kullum shi ne kurar baya.

Mu a nan jirgin da muka saba gani shi ne kwalekwale wanda ake tuƙawa da hannu ko a tura da gora, sai kuma mai inji. Saboda haka ya kamata a fara da bayanin yadda iska ke tafiyar da jirgi. Ana kafa wata doguwar sanda a tsaye a cikin jirgin, ita ce jigo, a ɗaura mata wani babban zane mai ƙarfi wanda a nan za mu riƙa kira filafili. Mai karatu zai zaci iska tura zanen take yi daga baya kawai, to ba haka abin ya tsaya ba. Idan aka ja filafili da igiya ya lanƙwashe, iska tana bin gefensa biyu kamar yadda take bin fiffiken jirgin sama, sai ta riƙa jansa gaba da kuma gefe. Don a hana jirgin zamewa gefe, sai a zura wani allo ta tsakiyar cikinsa ya shiga ruwa. Da wannan dabara jirgi yana iya tafiya yana fuskantar iska a karkace, misalin digiri 45 daga inda take fitowa. In kuwa wurin da za shi yana daidai bakin iskar ne, sai ya riƙa yin dama yana yin hagu, kamar yadda jaki mai kaya ke hawan tudu.

Amma ƙarfin nan da ke jan jirgi gefe shi ne kuma ke neman kwantar da shi. Hanya biyu ce ake hana shi kifewa. Ko dai mutanen ciki su zauna a gefen da iska ke fitowa, su miƙa jikinsu waje don nauyinsu ya danne shi, ko kuwa a liƙa masa ƙarfe mai nauyi a gindinsa, can cikin ruwa. Duk bambancin da za a ji a gaba, daga nan ya samo asali.

Iyakar Gudu

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata ɗalibai su lura da ita. Jirgin da ke keta ruwa yana tayar da igiyar ruwa ɗaya a goshinsa, ɗaya a bayansa. Gwargwadon gudunsa, gwargwadon yadda tazarar da ke tsakanin igiyoyin ke ƙaruwa, har ta kai tsawon jirgin kansa. Daga nan jirgin ya faɗa cikin kwarin da ya haƙa wa kansa, ko an ƙara masa iska ba ya ƙara wani gudun kirki. Ga yadda ake lissafin wannan iyaka. A auna tsawon jirgin a ƙafa, daidai inda ruwa ke taɓa shi, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawo, sa'an nan a ninka ta da 1.34. Alal misali, jirgi mai ƙafa 16, lambarsa 4 ce, sai a sami mil 5.36 a sa'a. Mil ɗin teku kuwa kilomita 1.852 ne, watau gudun bai wuce kilomita 10 a sa'a ba, abin da yaro a kan keke zai wuce shi. Mai ƙafa 25 zai yi mil 6.7. Dalili ke nan da ya sa tun zamanin da ake cewa dogon jirgi ya fi gajere gudu.

Wanda ya shahara wajen karya wannan ƙa'ida a ƙananan jirage shi ne Uffa Fox, mutumin garin Cowes a tsibirin Wight na Ingila. A shekarar 1928 ya ƙera wani jirgi mai ƙafa 14, ya sa masa suna Avenger. Ya yi shi mara nauyi, goshinsa da kaifi, gindinsa na baya kuma shimfiɗaɗɗe. Idan iska ta yi ƙarfi, maimakon jirgin ya ci gaba da keta ruwa, sai ya hau kan igiyar goshinsa ya riƙa sulɓi a bisa ruwa, kamar faffaɗan dutsen da yara ke jefawa a kududdufi yana tsalle. A shekarar nan Avenger ya shiga tsere 57, ya zo na ɗaya a 52, na biyu sau biyu, na uku sau uku. Har ila yau Fox ya ɗauki mutum biyu a cikinsa, suka ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa zuwa Le Havre, suka yi tsere a can, suka komo ta inda suka je. Tun daga lokacin kusan duk ƙaramin jirgin tsere bin sawun Avenger yake yi: a rage nauyi, a shimfiɗe gindi, a yawaita filafili.

Dokin Sukuwa

Idan ana neman jirgin da aka yi shi don tsere tsantsa, babu kamar Laser. Asalinsa wayar tarho ce. A shekarar 1969 wani mutumin Kanada, Ian Bruce, ya bugo wa abokinsa Bruce Kirby waya yana neman fasalin jirgin da za a iya ɗora wa a kan rufin mota. Kirby, wanda ɗan jarida ne, yana riƙe da kan tarho yana zana siffar jirgin a takardar da ke gabansa. Aka nuna shi a bikin nunin jirage na birnin New York a 1971, kuma daga lokacin zuwa yau an ƙera fiye da 200,000. Tsawonsa mita 4.23, nauyin gangarsa kimanin kilo 59, filafilinsa ɗaya tak mai faɗin murabba'in mita 7.06, mutum ɗaya ke tuƙa shi. Ya shiga wasannin Olamfik a 1996. Bayan wata jayayya a kan mallakar sunan, yanzu a wuraren gasa ILCA ake kiransa, amma a bakin jama'a Laser ɗin ne dai.

Abin da ya ɗaukaka Laser shi ne dokarsa. Duk jiragen iri ɗaya ne, ba a yarda kowa ya sāke fasalin ganga ko ɗinkin filafili ba, kuma abin da doka ba ta ambata an halatta ba, to haramtacce ne. A Olamfik ma masu shirya wasa ne ke raba wa 'yan tsere jiragen. Saboda haka mai kuɗi ba ya sayen nasara, sai dai a gwada gwaninta da ƙarfin jiki. Wanda ya ga yadda Robert Scheidt na Birazil ya doke Ben Ainslie na Ingila a 1996, Ainslie kuma ya rama a Sidni a shekarar 2000 ta hanyar tare wa Scheidt iska da hanya a tseren ƙarshe har ya mayar da shi can baya, ya san cewa wasan nan akwai dara a cikinsa, akwai kuma kokawa.

To, amma a dubi abin da matuƙin Laser ke sha. Da zarar iska ta taso, sai ya saƙala ƙafafunsa a wata ɗamara da ke tsakiyar jirgin, ya miƙe jikinsa waje tun daga cinya, bayansa na shafar ruwa, ya dawwama a haka muddin yana hawan iska. Paul Elvstrom na Denmak, wanda ya ci lambar zinariya sau huɗu a jere daga 1948 zuwa 1960, shi ne ya yi fice wajen wannan salon zama, kuma har a gida yakan yi atisayensa a kan benci. Babban filafilin Laser yana son mutum mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka. Don mata da matasa aka yi masu ƙanƙanta guda biyu, ɗaya mita 5.76, ɗaya 4.7. Wurin zama ɗan rami ne wanda da ƙyar zai ɗauki ƙafafun mutum biyu. Babu inda za a ajiye tukunya ko bargo. Filafilin zura shi ake yi a jikin jigo kamar hannun riga, don haka idan hadari ya taso ana tsakiyar ruwa ba a iya sauke shi cikin hanzari. Kifewa kuwa abin yau da kullum ne, ba a ma ɗauke ta a bakin kome ba: mutum ya taka allon nan na ƙasa, jirgin ya miƙe, ruwa kaɗan ne ke shiga, ya haye ya ci gaba. Amma a tuna, yana yin haka ne a inda jirgin ceto mai inji ke kewayawa kusa da shi.

Yawancin gwanayen tsere ba da Laser suka fara ba. Da Optimist suka fara, wani ɗan jirgi mai kama da akwati wanda Clark Mills ya tsara a garin Clearwater na jihar Florida a Amurka a 1947, da nufin uba ya iya haɗa wa ɗansa shi da falankin katako a kan kuɗin da bai wuce dala 50 ba. Tsawonsa kimanin mita 2.3, nauyinsa kilo 35, yara 'yan ƙasa da shekara 16 ke tsere da shi. Ainslie kansa a cikinsa ya koya.

Taguwar Fatake

Yanzu a komo kan Wayfarer. Ian Proctor ne ya tsara shi a 1957. Tsawonsa ƙafa 15 da inci 10, watau bai fi Laser da ƙafa biyu ba, amma faɗinsa ya haura ƙafa 6, nauyin gangarsa kuma ya kusa kilo 170, kusan Laser uku ke nan. Mutum yana iya tsayawa a gefensa bai kife ba. A cikinsa ake zama, ba a kansa ba, akwai benci, kuma yana ɗaukar mutum biyar ko shida in yawo za a yi. A goshinsa da bayansa akwai rufaffun ɗakuna waɗanda ruwa ba ya shiga, su ne ke hana shi nutsewa, a ciki kuma ake adana abinci da tufafi. Da dare sai a jefa anka a wani lungu, a shimfiɗa tanti a kan sandar filafili, mutum biyu su kwanta a daɓen jirgin. Mafi muhimmanci duka, ana iya rage filafilinsa ana cikin tafiya, a naɗe kashi ɗaya a ɗaure, idan iska ta fi ƙarfi.

A nan ne ra'ayin mutanen biyu ya rabu. Ɗan tsere yana son filafili mafi girma da zai iya riƙewa, don in ya rage, abokin gasarsa ya wuce shi. Matafiyi kuwa tun yana hango baƙin hadari yake ragewa, domin shi kifewa ba wasa ba ce gare shi. Kayansa za su jiƙe, ruwan arewacin Turai yana da sanyin da ke kashe gaɓoɓin mutum cikin ɗan lokaci, ga shi babu mai ganinsa. Bugu da ƙari, faɗin nan da nauyin nan da suka hana jirgin kifewa da wuri, su ne ke wahalar da mai tayar da shi in ya riga ya kife, musamman in ya juye gaba ɗaya jigonsa ya dubi ƙasa. Ko a tudu ma nauyin Wayfarer abin kuka ne: mutum ɗaya ba ya jawo shi daga ruwa a kan gangare sai da taimako.

Wanda ya fi Wayfarer nisa a wannan hanya shi ne Drascombe Lugger, wanda wani tsohon hafsan sojan ruwa na Ingila, John Watkinson, ya tsara don iyalinsa, aka fara sayar da shi a 1968. Tsawonsa ƙafa 18 da inci 9. Filafilansa ƙanana ne, ruwan ƙasa, an rarraba su uku, babban kuma ba shi da sandar nan ta ƙasa wadda kan fyaɗe kan mutum in jirgi ya juya. Yana da gurbin ƙaramin inji, ana kuma iya tuƙa shi da hannu. Wajen hawan iska malalaci ne, ba mai shiga tseren kirki da shi. Amma a cikin irinsa ne wani Ba'amurke, Webb Chiles, ya tashi daga San Diego a 1978 shi kaɗai, ya ƙetare tekun Fasifik da tekun Indiya har ya shiga Bahar Maliya. Duk da haka tafiyar ta tona wani aibi. A 1980, bayan ya bar Fiji, jirgin ya kife ya cika da ruwa. Bai nutse ba, amma ya zauna ƙasa ƙwarai, har duk ruwan da Chiles ya kwashe sai wani ya shigo ta kafar allon tsakiya. Mako biyu ya yi ruwa na yawo da shi kafin ya kai wani tsibiri a ƙasar da ake kira Banuwatu a yau. Ashe rashin nutsewa daban, iya kwashe ruwa a ci gaba da tafiya daban, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata mai sayen jirgin yawo ya fara yi.

Jirgin Talaka

Tsakanin waɗannan biyu akwai jiragen da aka yi don su taɓa nan su taɓa can. Wanda ya fi suna shi ne Mirror. Jaridar Daily Mirror ta Landan ce ta ɗauki nauyinsa, shi ya sa filafilansa ja ne kamar kan jaridar. Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara shi a 1962, aka fito da shi kasuwa a 1963 a kan fam 63 da sule 11. Ba haɗaɗɗen jirgi ake sayar wa mutum ba, yankakkun falankai ne, ya kai gida ya ɗinke su da wayar tagulla kamar yadda ake ɗinkin ƙwarya, ya bi ɗinkin da ƙyallen gilashi da danƙo. Tsawonsa ƙafa 10 da inci 10, sandunansa duka suna shiga cikinsa, a ɗora a rufin mota. Malamin makaranta da akawu, waɗanda a da sai dai su tsaya a gaɓa su yi kallo, suka sami shiga wasan masu hali. An ƙera fiye da 70,000. Ba zan wuce nan ba sai na faɗi cewa aikinmu na jarida yana da hannu dumu-dumu a wannan fage: ga Kirby, ga Daily Mirror, ga kuma Robert Manry, mai gyaran labarai a wata jaridar birnin Cleveland, wanda ya ƙetare tekun Atilantika a 1965 cikin kwana 78 a jirgin da tsawonsa ƙafa 13 da rabi ne.

Mai karatu zai tambaya, yaya ake tsere tsakanin jiragen da ba su yi daidai ba? A Ingila ana amfani da wani ma'auni mai suna Portsmouth. Kowane irin jirgi ana ba shi lamba bisa ga sakamakon tseren da ƙungiyoyi ke aikawa kowace shekara, mai ƙaramar lamba shi ne mai gudu. In an gama tsere sai a ninka lokacin da jirgi ya ci da 1,000, a raba da lambarsa. A ɗauka Laser mai lamba kusan 1,100 ya gama cikin minti 55, lokacinsa ya zama minti 50. Mirror mai lamba kusan 1,400 ya iso bayan minti 68, nasa ya zama kimanin minti 48 da rabi. Mirror ya ci ke nan, ko da yake ya iso bayan mai Laser ya riga ya fita daga ruwa. Wani abin mamaki da ma'aunin ya nuna shi ne, lambar Wayfarer da ta Laser kusan ɗaya suke. Watau jirgin nan mai nauyi da ake kwana a ciki, idan mutum biyu gwanaye suka riƙe shi suka buɗe filafilansa uku, ba ya barin dokin sukuwa ya yi masa nisa. Tsawonsa da yawan filafilinsa sun biya masa nauyinsa.

Mai neman gudu zalla kuwa sai ya dubi masu ganga biyu, kamar Hobie 16 na Hobie Alter, mutumin Kalifoniya. Siraran ganguna biyu ne aka haɗa da shimfiɗar tamfol, matuƙa suna ratayuwa da igiya daga jigo, ganga ɗaya na tashi sama. Ana tura shi daga kan rairayi ba tare da wata matsaya ba. Aibinsa shi ne in goshinsa ya nutse cikin igiyar ruwa yana cikin gudu, sai ya wuntsula gaba da mutanensa, kuma wajen juyawa ta bakin iska yana da nawa. Shi da wani mai ƙafa 19 da ake kira Lightning suna cikin jiragen da ake tsere da su a ƙungiyar masu jiragen iska ta Legas, wadda aka kafa tun 1932.

Ƙarfe A Gindi

Duk waɗanda aka ambata nauyin mutum ne ke riƙe su. Wanda ke son ya yi barci jirgi na tafiya, dole ya koma ga mai ƙarfe a gindi. Misali mai kyau shi ne Folkboat na ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 1942 bayan wata gasar tsara jirage, Tord Sunden ya daidaita fasalinsa. Tsawonsa ƙafa 25, nauyinsa ya kusa tan biyu, fiye da rabin nauyin kuwa ƙarfen gindi ne. In iska ta kwantar da shi, da kansa yake miƙewa. Yana da ɗan ɗaki wanda ba a iya tsayawa a ciki, sai a sunkuye. Har yau ana tsere da shi a Suwidin da Denmak da Jamus, kuma a 1960, da aka yi tseren farko na ƙetare Atilantika mutum shi kaɗai, daga Plymouth zuwa New York, Blondie Hasler ya zo na biyu cikin kwana 48 a wani Folkboat da ya sāke wa fasali mai suna Jester. Francis Chichester da ya zo na ɗaya cikin kwana 40, jirginsa ya kusa ƙafa 40. Sai dai irin wannan jirgi ba ya hawa rufin mota, ba ya shiga ruwa mara zurfi, kuma sai an biya kuɗin wurin ɗaure shi duk shekara.

Ko a cikin masu ƙarfe a gindi, neman gudu ya taɓa jawo asarar rayuka. A watan Agusta na 1979 jirage 303 suka shiga tseren Fastnet, daga Cowes a kewaye wani dutse a kudancin Ailan a komo Plymouth. Guguwa ta same su a tsakiyar teku, 'yan tsere 15 suka mutu, jirage biyar suka nutse, waɗanda suka kammala ba su kai 90 ba. Ƙananan jirage ne suka fi shan wuya, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa masu faɗi marasa nauyi, irin waɗanda dokar tsere ta lokacin ta sa ake ƙerawa, in igiyar ruwa ta juye su sukan daɗe a kife. A rukunin mafi ƙanƙanta jirage 58 suka tashi, ɗaya tak ya kammala, Assent, siriri mai nauyin gindi irin na tsohon yayi. An kuma tsinci da yawa daga cikin jiragen da mutanensu suka gudu suka bari suna nan suna iyo abinsu.

In da za a tambaye ni, saurayi mai ƙarfi wanda ke son ya ƙware, yana kuma kusa da ƙungiyar da ke da jirgin ceto, ya ɗauki Laser, domin babu malamin da ya fi shi saurin hukunta kuskure, kuma duk inda ya je zai sami abokan karawa. Amma makaranta ko magidanci da kuɗin jirgi ɗaya kawai gare shi, Wayfarer ya fi masa, in kuma aljihu bai kai ba, Mirror. Dalilina shi ne, jirgin yawo mai kyau ana iya shiga tsere da shi a ƙarƙashin ma'aunin Portsmouth, har a ci, amma babu ma'aunin da zai sa wa Laser wurin kwana ko ya rage masa filafili a tsakiyar hadari. Sai dai kada labarin Dye ya ruɗi kowa. Kafin ya fita ya yi shekaru yana gwada jirginsa a kusa da gaɓa, ya ƙara masa ɗauri da abubuwan kariya, ya kuma koyi tayar da shi in ya kife da kaya a ciki.

Frank Dye ya rasu a shekarar 2010. Jirgin nasa, mai suna Wanderer, wanda shi ne na 48 da aka yi wa lamba a cikin irinsa, yana hannun gidan tarihin jiragen ruwa da ke garin Falmouth a kudu maso yammacin Ingila, garin da Manry ya sauka a 1965.